Kyandir Bakwai, Wayewar Gari Biyar

Asabar, 4 ga Mayu, ƙarfe 6:40 na yamma

Ina ɗakina, ƙofa a rufe, minti ashirin da tashinmu daga wasa. Zan rubuta abin da na gani tun bai gauraya da abin da nake zato ba.

Mun zauna ƙarfe huɗu daidai a teburin cin abinci, kamar kowace Asabar tun ina firamare. Baba a kujerar bakin taga, abokinsa Kawu Tela a damansa, ni a hagunsa, Yaya a can ƙarshen tebur bayan kwalin da yake ɓoye takardunsa, domin shi ke jan labari. Wasan ba shi da wuya. Yaya ya faɗi inda muke da abin da ya taso mana, kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, a jefa ɗan ludo mai fuska ashirin a ga ko an dace. Ni maharbiya ce, Kawu Tela ɓarawo, Baba mai magani.

Kowannenmu yana da baiwa guda wadda ake amfani da ita sau ɗaya a rana, ranar cikin labari, ba tamu ba. Don kada a yi musu, kowace baiwa tana da maɓallinta daga shagon Kawu Tela. Nawa fari, nasa kore. Na Baba ja ne, babba, irin na kwat, da shi yake tayar da wanda ya kusa mutuwa. In ka yi amfani da baiwarka sai ka jefa maɓallin a gwangwanin madara da ke tsakiyar tebur, ba ka sake taɓa shi sai mutanenmu sun yi barcin awa takwas a cikin labari.

Ƙarfe 4:31 Baba ya tayar da Kawu Tela. Na ji ƙarar maɓallin a gwangwani, na rubuta a rajista.

Ƙarfe 5:10 gizo-gizon rami ya cije ni. Baba ya ɗaga jan maɓalli ya ce, "Tashi, Akawu, ba yau ba."

Ba mu yi barci ba tsakanin 4:31 da 5:10. Na duba rajista sau biyu.

Na buɗe baki ke nan Yaya ya riga ni. "Af, na manta ban gaya muku ba, gari ya waye a sama. Kowa ya ɗauki maɓallinsa."

A ƙarƙashin ƙasa muke, cikin tsohon ramin haƙar gishiri. Ba mai ganin rana. Kuma ko ana ganinta, a gidan nan ba wayewar gari ke dawo da baiwa ba.

A cikin murfin akwatin wasan akwai doka da rubutun Baba: wanda ya taɓa gwangwani kafin lokaci, na farko gargaɗi, na biyu ya bar tebur wata uku. Akawu ce ke faɗa. Akawu ni ce. Ranar da na dawo gida bayan kammala jami'a, mako shida ke nan, Baba ya miƙo min rajista ya ce, "In kin ga ba daidai ba ki faɗa, ko ni ne."

Wani ya taɓa gwangwanin nan. In na gano shi, sai na faɗa, kuma in ya kai biyu kujerarsa ta tafi. Ba zargi nake yi ba. Rubutawa kawai nake yi.

Lahadi, 5 ga Mayu, ƙarfe 11:15 na safe

Na ɗauko littafin dokoki. Shafi na 41 ya ce baiwa tana dawowa bayan dogon barci. Shafi na 112 ya ce da wayewar gari. Littafin ne ke karo da kansa, shi ya sa shekara tara da suka wuce Baba ya yanke hukunci. Na tuna kalamansa: "Barci dai kowa ya ga an yi shi. Rana kuwa mai jan labari ne kaɗai ke fito da ita, ni kuma ban yarda da yaron nan ba."

Na sami Yaya yana wanke mota.

"Yaya, yaushe aka koma wayewar gari?"

"Tun kina makaranta."

"Wane wata?"

"Wajen Janairu. Miƙo min bokitin nan."

"Ba a rubuta a murfi ba."

"Auta, wasa ne fa. Ki je ki yi karatun hirarki ta neman aiki."

Yaya bai taɓa cewa "wasa ne fa" ba. Yana ɗan shekara goma sha shida Baba ya kore shi wata uku saboda gwangwanin nan, ya riƙa zama a kan matakala yana sauraronmu kamar maraya.

Litinin, 6 ga Mayu, ƙarfe 2:30 na rana

Wa ke da jajayen maɓallai da yawa? Tela. Wa ke zaune kusa da Baba? Tela. Wa ke da tsohon gargaɗi a rajista, shekara shida da suka wuce? Shi ne. Ba sai ya taɓa gwangwani ba ma, yana iya zuwa da wani jan a aljihu ya tura gaban Baba.

Na je shagonsa da hujjar zif ɗin jakata. Yana kan keke, tef a wuya, allura biyu a baki. Yana gyara zif ina leƙa kwalbar maɓallai. Ja irin na Baba guda huɗu ne a ciki.

"'Yar nan, ƙirga min kaya kike yi? Digirin ƙididdigar ne ya motsa?"

"Kallo kawai nake, Kawu."

"Ki kalla da kyau, in kin ga wanda ya ɓata ki kai ni ƙara wajen Safiyo." Haka yake kiran Baba, saboda aikin auna filaye da ya yi shekara talatin da biyu. "Mutumin nan da ya auna min fili ya rage taku ɗaya, wai gaskiya. Har yau ban yafe ba."

Na yi dariya don ya ga na yi. Da zan tafi ya cire alluran daga baki ya ce, "Yaya kika ga babanki?"

Na ce lafiya lau. Ya ce madalla. Ya daɗe yana kallon zif ɗin da ya riga ya gama.

Da na dawo na ɗiga shuɗin jan farce a bayan maɓallin Baba, ɗigo ɗaya, inda ba a gani.

Talata, 7 ga Mayu, ƙarfe 1:05 na rana

Yaya ya ɗauki izini a makarantar da yake koyarwa ya kai Baba gyaran tabarau. Talata ta uku ke nan a jere. Tabaran da ya fita da shi da shi ya dawo, har da zaren da aka ɗaure hannun hagu. Sun shigo da ambulan mai ruwan ƙasa, Mama ta karɓa ta shige ɗaki.

Laraba, 8 ga Mayu, ƙarfe 7:50 na safe

An manna takardu a ƙofofin kabad na kicin: Kofuna. Sukari. Cokula. Na tambayi Mama, ta ce don ni ne, wai shekara huɗu a jami'a na manta gidan ubana. Ban taɓa tambayarta inda cokali yake ba.

Makullin motar Baba yana cikin jakarta. Na gani lokacin da take neman wayarta.

Alhamis, 9 ga Mayu, ƙarfe 5:00 na yamma

Saura mako biyu hirar aikin. Baba ya tambaye ni ranar, na ce 23 ga wata. Ya tambayi wane ofishi, na ce na ƙididdiga, tafiyar awa tara daga nan. Bayan shayi ya sake tambaya. Gwada ni yake yi. Ya saba gwada mu tun muna yara, ya ga ko amsa za ta canza.

Asabar, 11 ga Mayu, ƙarfe 6:55 na yamma

Ba Kawu Tela ba ne.

Na zauna yadda gwangwani ke daidai idona. Ƙarfe 4:22 Baba ya tayar da ni, ya jefa maɓalli. Ƙarfe 4:52 dutse ya faɗo wa Kawu Tela. Baba ya duba gabansa, ya duba ƙarƙashin takardarsa, ya shafa aljihu. Sai ya miƙa hannu cikin gwangwani ya ɗauko, a fili, kamar mai ɗaukar gishiri a kan tebur.

Yaya ya ce, "Gari ya waye a sama."

Hannu ne ya fara, magana ta biyo baya. Tsakaninsu bai fi daƙiƙa biyu ba, amma hannu ne ya fara.

Kawu Tela ya ce, "Kai, ranar ƙasar nan akwai sauri. Da haka take a shagona da na gama ɗinkin kowa."

Baba ya ce, "Kai ko rana ta fito sau goma, wandona na nan a inda ka ajiye shi shekara uku."

Suka yi dariya. Kawu Tela bai kalle ni ba.

Ƙarfe 5:38 aka maimaita, komai da komai. Hannu, sannan Yaya. Da muka tashi na juya maɓallin, shuɗin ɗigona yana nan.

Sau biyu a zama ɗaya, da idona. Na farko gargaɗi, na biyu wata uku. Ban ce komai ba. A rajista na rubuta lokutan kawai, da "wayewar gari" a gefen kowanne. Rubutun ya karkace.

Mutumin da ya mayar da ni kanti tafiyar minti ashirin a ƙafa saboda an ba ni fensir biyu a maimakon ɗaya. Me zai yi da maguɗi a wasan Asabar? Kuma me ya sa su biyun suke rufa masa?

Lahadi, 12 ga Mayu, ƙarfe 9:00 na safe

Suna magana a kicin, Mama da Yaya. Na shigo suka koma zancen gas.

Litinin, 13 ga Mayu, ƙarfe 3:20 na rana

Na bi tsohuwar rajista, ta lokacin da ba na nan. Har ƙarshen Disamba rubutun Baba ne, ƙanana a tsaye kamar na taswira. Daga Janairu na Yaya ne. A shafin 16 ga Disamba an rubuta layi ɗaya sau biyu. A na 23 ga Disamba an rubuta shi sau uku, an soke biyu da wani biro daban.

Na rufe. Na koma karatu. Na karanta shafi ɗaya sau huɗu.

Akwai abin da ba a iya murɗawa. Mun shiga ramin gishiri ranar 27 ga Afrilu da kyandir goma sha biyu, kuma littafi ya ce kowane kyandir awa ɗaya yake ci. Ni ke soke su a rajista. Mun ƙona shida. Awa shida ke nan a cikin labari, gari kuma ya waye sau huɗu, har da ɗaya a ranar 27 ɗin da ban kula da shi ba a lokacin.

Talata, 14 ga Mayu, ƙarfe 12:40 na rana

Tabarau kuma.

Alhamis, 16 ga Mayu, ƙarfe 6:10 na yamma

Wataƙila ni ake gwadawa. Wataƙila sun haɗa baki ne su ga ko Akawu za ta iya faɗa wa babba gaskiya kafin ta tafi aikin da gaskiyar lamba ce jarinsa. Irin abin da Baba zai shirya ne. In haka ne, na faɗi jarrabawar sau uku ke nan, yana kallona yana jira.

Wannan bayanin ya fi kowanne kwantar min da hankali. Na lura da haka, kuma ban ji daɗin lurar ba.

Asabar, 18 ga Mayu, ƙarfe 5:45 na yamma

An tashi da wuri. Ni na jawo.

Na shirya tun safe cewa ba zan kira sunan kowa ba, kyandir kawai zan faɗa. Ƙarfe 4:19 Baba ya yi amfani da baiwarsa. Ƙarfe 4:47 ya miƙa hannu ya ɗauko. Yaya ya ce gari ya waye.

Na ce, "Yaya, kyandir bakwai muka ƙona."

"To?"

"Awa bakwai ke nan. Gari ya waye sau biyar."

Ya kalle ni ta saman kwalinsa. "Auta, jefa ɗan ludonki."

Baba ya ɗaga hannu. "Tsaya. Ba ni rajistar." Ya gyara tabarau, ya bi layukan da ƙarshen fensir, leɓensa na motsi. Bai fi minti ɗaya ba. "Akawu ta yi gaskiya. Bakwai ne, biyar ne. Kuma tun yaushe rana ke dawo da maɓalli a gidan nan? Barci muka ce." Ya juya ga Yaya. "Wani ne ke shiga gwangwani kana rufa masa asiri. Wane ne?"

Jan maɓallin yana cikin tafin hannunsa na hagu lokacin da yake tambayar. Na kalli fuskarsa sosai don in ga alamar wasa, irin ɗan motsin gira da yake yi in ya shirya mana tarko. Babu. Da gaske yake tambaya. Ransa a ɓace yake, irin ɓacin ran mutumin da aka yi wa ƙarya a teburinsa.

Mama ta tsaya a bakin ƙofa da tire.

Kawu Tela ya ce, "Ni ne, Safiyo."

"Kai?"

"Ni ne mana. Ɓarawo kuka ba ni, me kuke so in yi, limanci?"

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya buɗe tsohuwar rajista, ya nemo gargaɗin shekara shida, ya nuna masa da fensir. "Na biyu ke nan."

"Na sani."

"Wata uku, Tela. Shekara arba'in muna tare, amma doka ni na rubuta ta."

"Ai shi ya sa ba ta da aljihu." Ya miƙe, ya ajiye koren maɓallinsa a gwangwani a hankali, ya sa hularsa. Da ya zo wucewa ta bayana ya dafa kujerata ya ce, "Aikinki kika yi, 'yar nan."

Baba ya ce min, "Rubuta." Na rubuta. Karo na farko ke nan da na sa abin da na san ba haka yake ba a rajista.

Lahadi, 19 ga Mayu, ƙarfe 10:30 na safe

Yaya ya same ni a baranda.

"Hankalinki ya kwanta? Lissafi ya fita daidai?"

"Da kun gaya min abin da ake ciki..."

"Bayan Alhamis."

"Me ya sa sai bayan Alhamis?"

"Mama ce ta ce. Ki yi hirarki da kai ɗaya." Ya juya zai tafi, ya dawo. "Wata biyar ina fito da ranar nan, Auta. Kin san wahalar sa dodo ya jira gari ya waye?"

Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba.

Talata, 21 ga Mayu, ƙarfe 1:30 na rana

Yau ba wanda ya ce min tabarau. Sun fita, sun dawo.

Alhamis, 23 ga Mayu, ƙarfe 4:15 na yamma, a masauki

Mutum uku suka yi min tambayoyi, minti talatin da biyar. Wata mai farin gashi ta ce, "In kika sami lamba ɗaya da ta ƙi dacewa da sauran, ya za ki yi da ita?" Na ce ba a goge ta, ana bin ta har inda ta fito. Ta gyaɗa kai ta rubuta wani abu. Na sha ruwan da suka ajiye min duka.

Juma'a, 24 ga Mayu, ƙarfe 6:30 na yamma

Yaya ya ɗauko ni a tasha. Ya tsayar da mota gaban shagon mai faci, ya kashe inji, ya yi min magana a kan Baba minti goma sha ɗaya. Ba zan rubuta ba.

Asabar, 25 ga Mayu, ƙarfe 5:20 na yamma

Mu uku. Ƙarfe huɗu da minti biyar Baba ya duba agogo ya ce, "Tela ya makara kuma." Yaya ya ce a hankali, "Baba, yana hutun wata uku." Baba ya sake duba agogo, ya ce, "Na sani."

Yaya bai turo mana ko ɓera ba. Muka yi ta tafiya cikin rami awa guda ba abin da ya faru, ba mai buƙatar magani, ba a kai ga ƙona kyandir ɗaya ba. Ban taɓa zaman wasa marar daɗi irin wannan ba. Da muka tashi Baba ya ce in bar masa rajistar.

Litinin, 27 ga Mayu, ƙarfe 11:40 na safe

Baba ya kira ni ɗakin kayan aikinsa ƙarfe goma. Tsofaffin taswirori a naɗe a kan kanta, ƙafafun na'urar awo uku a jingine a kusurwa, rajista a buɗe a kan tebur, murfin akwati a gefenta. Ya ja layuka a wata takarda da rula. Na durƙusa ya ce in hau kujera.

"Akawu, na bi aikinki. Aiki ne mai kyau. Duba nan. Duk inda kika rubuta wayewar gari, a minti ɗaya yake da jan maɓalli. Sau biyar. Koren Tela kuwa bai ma shiga gwangwani ba a uku daga ciki. Me zai je nema a gwangwanin da ba shi da komai a ciki?"

Na kalli taswirori.

"Kalle ni. Sau nawa?"

Na yi tunanin in yi ƙarya in ce ban sani ba. Kawu Tela ya iya, Yaya ya iya wata biyar, Mama ta iya da takardun kicin. Amma ni ya tambaya, kuma ya san dalilin da ya sa ni ya tambaya.

"Uku na gani da idona, Baba. Ɗaya na gano ta lissafi. Na 27 ga Afrilu ban sani ba."

"Uku, ɗaya, ɗaya." Ya rubuta su a jere, ya ja layi a ƙasa. Ya daɗe yana kallon jimlar. "Ban tuna ko ɗaya ba."

Ya ajiye fensirin. "Kuma na kori Tela."

"Shi ya ce shi ne."

"Maƙaryacin banza. Ko ƙarya bai iya ɗinkawa ba." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sai ya jawo murfin, ya rubuta a ƙasan dokar da ƙananan haruffansa: 27 ga Mayu, Safiyo, wata uku. Ya sa hannu.

Na ce, "Baba, ba da gangan ba ne."

"Dokar ba ta tambayi wannan ba lokacin da na kori yayanki. Ungo." Ya sa min jan maɓallin a hannu ya naɗe yatsuna a kai. "Ki gyara rajista. Sannan ki raka ni shagon mutumin nan, uwarki ta ce ba na fita ni kaɗai."

Muka je a ƙafa. Na tsaya a waje. Ta cikin labule na ji Kawu Tela yana cewa, "To sai me? Ka dawo min da takuna ɗaya na fili mu yi sulhu." Na ji Baba ya yi dariya. Daga nan ban ƙara jin komai ba har kusan minti goma, keken ma bai motsa ba.

Laraba, 29 ga Mayu, ƙarfe 8:15 na safe

Maɓallin yana cikin aljihun jakata. Na duba shi sau huɗu jiya.

Juma'a, 31 ga Mayu, ƙarfe 5:00 na yamma

Yaya ya ce a dakatar da wasan har wata ukun su cika. Mama ta ce a'a, in Asabar ta zo bai ji ƙarar ɗan ludo a gidan ba zai fi damuwa. Ta ce abin da ya rage masa a mako wanda yake jira ke nan. Sai ta kalle ni, ba da faɗa ba. Da ma da faɗa ne.

Asabar, 1 ga Yuni, ƙarfe 6:50 na yamma

Kawu Tela ya zo huɗu saura kwata, karo na farko a tarihi da bai makara ba. Na buɗe akwati, na ajiye murfin a tsakiyar tebur kusa da gwangwani, rubutun yana sama, kamar kullum. Kujerar bakin taga ba kowa. Yaya ya yi ta jera takardun da ya riga ya jera.

Ƙarfe huɗu daidai Baba ya fito daga ɗaki da fensirinsa a bayan kunne. Ya ja kujerarsa ya zauna.

"Yau Tela ya riga ni? Lallai za a yi ruwa. Ina muka tsaya, yaro?"

Yaya ya ɗago kai. Ni yake kallo. Kawu Tela ma ni yake kallo. Mama tana bakin ƙofa. Akawu ce ke faɗa.

Baba ya duba gabansa. Ya ɗaga takardarsa ya duba ƙasa. Ya shafa aljihu. Idonsa ya bi tebur, ya wuce ta kan murfin, ban iya cewa ya tsaya a kai ko bai tsaya ba. Sai ya juyo gare ni.

"Akawu, ina maɓallina?"

Na sa hannu a jaka na ɗauko, na ajiye a gabansa. Na ɗauki murfin na kife shi, na ɗora kofina a kai.

Na ce, "Gari ya waye, Baba."

Kawu Tela ya yi tari ya ce ƙurar allin ɗinki ce. Yaya ya ce, "Kuna bakin wani tafki a ƙarƙashin ƙasa, ruwan baƙi ƙirin, ga wani abu yana motsi a ciki."

Gari ya waye sau biyu yau. Duka biyun ni na faɗa, kafin hannunsa ya kai gwangwani. Na rubuta su a rajista da lokutansu, 4:03 da 5:16, da sunan wadda ta faɗa.

Abubuwan da ban sani ba har yanzu:

Ko Baba ya manta hukuncin da ya yanke wa kansa ne, ko yana sane ya zo ya ga abin da zan yi.

Ko ya ga na kife murfin. Da muka tashi shi ya rufe akwatin da hannunsa, bai juya shi ba.

Wa ya taɓa gwangwani ranar 27 ga Afrilu.

Abin da ke cikin ambulan. Yaya ya faɗa min da baki, ban nemi in gani ba.

Ko za su ɗauke ni aikin, da abin da zan ce musu in sun ɗauke ni, da wanda zai riƙe rajista.

Ko abin da na yi ranar 18 ne laifin, ko na yau.

Kyandir biyar suka rage mana. Ban san awa nawa ke nan ba.